Ɓarawon da ya san sunan kakarmu



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Wanda yake kan hanya ko a bakin kasuwa ya ajiye shi, in ya natsu ya karanta.

Mako uku da suka wuce, bayan isha'i, wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, ya jira har mutane suka watse sannan ya yi magana. Ya ba ni izinin in ba da labarin, da sharaɗin kada a gane gidan, don haka na sauya abin da ya kamata a sauya.

Gidansu babban gida ne. Tushensu a nan Gaya yake, amma zuri'ar ta bazu: wasu suna Ajingi, wasu Wudil, wasu cikin birni, wasu Legas, har akwai wanda yake Ingila. Bara bayan babbar Salla suka yi taron zumunci. Wani yaro mai ƙoƙari a cikinsu ya ɗauki nauyin tattara salsalar gidan, ya bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta tun daga kakan kaka har jariran da ake goyo. Kowa da sunansa, da sunan mahaifiyarsa, da ranar haihuwarsa, da garin da yake zaune, da sana'arsa, da lambar wayarsa. Ya buga a kwamfuta, ya zama littafi, ya saka a zauren WhatsApp na dangi mai mutum sama da 200. Kowa ya sa masa albarka. Ni ma da ina wurin da na sa masa.

Sai wata rana aka kira dattijon nan a waya. Murya mai ladabi, Hausa tsantsa, har da “Baba ina wuni”. Aka ce masa za a yi taron zumunci ta waya da daddare, an tura masa lamba shida ta shiga taron, ya karanto ta a rubuta sunansa. Ya duba, ga saƙo kuwa ya shigo. Ya karanto. Bai kai ga ajiye wayar ba WhatsApp ɗinsa ya rufe.

Ku lura da abin da ɓarawon ya yi daga nan, don a nan darasin yake. Wanda ya ƙwace maka WhatsApp ta wannan hanya ba ya ganin tsofaffin saƙonninka, amma yana samun kansa a duk zaurukan da kake ciki, da sunanka da lambarka. Sai ya rubuta a zauren dangi cewa wayarsa ta samu matsala, a taimaka a sake turo masa littafin salsala. Baffa ne yake tambaya, wa zai ƙi? Cikin minti kaɗan aka turo. Yanzu ɓarawo ya san wace ce gwaggon wane, wa yake auren wa, wace tsohuwa ce ta rage a gidan, wa yake da albashi, wa yake sayar da hatsi.

Ya rubuta wa wata 'yar ƙanin dattijon da take aure a Ajingi. Bai ce mata “'yar'uwa” ba kamar yadda 'yan damfara suka saba. Ya kira ta da sunanta, ya ambaci kakarta da cikakken sunanta, ya ce ta yanke jiki ta faɗi, suna hanyar asibiti a Kano, asusunsa ya ƙi aiki, ta tura abin da ya samu ta asusun direba. Baiwar Allah ta ɗauki adashinta kenan a satin. Ta yafa mayafi ta tafi wurin mai POS tana kuka. Mutum huɗu ne suka tura kuɗi kafin a farga. Shi kuwa dattijo, kwana biyu yana kai waya wurin mai gyara, kuma ko da ya fara zargin abin da ya faru, kunya ta hana shi gaya wa kowa.

Tambayarsa gare ni ita ce: “Malam, kuɗin nan suna wuyana ranar lahira?” Zan zo kan amsar. Amma bari mu fara da littafin, don na ji har wasu a gidan sun fara cewa dama bidi'a ce, ga abin da ta jawo.

Ba bidi'a ba ce. Sanin nasaba abu ne da addini ya ƙarfafa. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni mu koyi abin da za mu sada zumunci da shi daga nasabarmu. Sayyidina Abubakar shi ne ya fi kowa sanin nasabar Ƙuraishawa, shi ya sa lokacin da Hassanu ɗan Sabit zai mayar wa mushrikai martani, aka tura shi wurin Abubakar ya warware masa dangantakar gidajen tukuna. Ta yaya za a raba gado in ba a san wa ya haifi wa ba? Ta yaya za a san muharrami? Sau nawa aka zo mana da maganar aure, sai wata tsohuwa ta tuna an sha nono ɗaya? Mu mutanen Gaya kuma ba baƙin wannan fanni ba ne. Ruwayar tarihi da ta shahara tana cewa wani maƙeri ne mai suna Kano ya tashi daga Gaya ya je gindin Dala neman tama, kuma har yau ana jin sunan Abagayawa. Da tsofaffi ba su riƙe salsala a ka ba, da wa zai san wannan?

Bambancin shi ne, da can salsala a ƙirjin tsohuwa take. Ita ta san wanda za ta gaya wa, da abin da za ta gaya masa, da abin da za ta tafi da shi kabari. Yau mun ɗauke ta daga ƙirji mun saka a na'urar da ba ta san ɗan gida ba, ba ta san baƙo ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya sama, ko don ƙarancin boko ne. A ƙasashen Turawa akwai manyan kamfanoni da sana'arsu kenan, haɗa wa mutane salsala a intanet. Wani mai suna MyHeritage, a watan Yunin 2018 ya fito ya sanar cewa an kwashe adireshin imel na mutum sama da miliyan 92 daga rumbunsa, tare da kalmomin sirrinsu a rufe. Satar kuwa tun Oktoban 2017 aka yi ta. Wata bakwai da ɗoriya kamfanin bai sani ba, sai da wani mai bincike daga waje ya ci karo da kayan ya sanar da su.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na kamfanin 23andMe da yake Amurka. Shi wannan, mutum yana tofa yawu a ɗan kwalba ya aika musu, su gwada ƙwayoyin halittarsa, abin da ake kira DNA, su gaya masa daga wane yanki na duniya kakanninsa suka fito, da cututtukan da zai iya gada. Sannan in ya yarda, su haɗa shi da duk wanda jininsu ya haɗu a cikin masu hulɗa da su: wannan ɗan baffanka ne, wancan kakanku ɗaya. A watan Oktoban 2023 aka wayi gari ana tallar bayanan mutanensu a kasuwar masu kutse. Da aka bincika, sai aka ga ɓarawon bai fasa katangar kamfanin ba. Kalmomin sirri ya tsinta waɗanda aka taɓa sacewa a wasu shafuka daban, ya zo yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni. Duk wanda yake amfani da kalmar sirri guda a ko'ina, ƙofarsa ta buɗe. Asusu kusan 14,000 aka shiga ta haka. Amma da yake kowane asusu yana hango danginsa, ta waɗannan 14,000 aka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9: sunaye, shekarar haihuwa, garin zama, asali, da wa yake da dangantaka da wa. Ɓarawon har ware jerin sunaye ya yi bisa asali, na Yahudawa daban, na 'yan asalin Sin daban, ya sa a kasuwa.

Ku sake duba lissafin. Mafi yawan mutum miliyan 6.9 ɗin nan ba su yi sakaci da komai ba. Wataƙila kalmar sirrinsu mai ƙarfi ce. Ɗan'uwan da ba su taɓa gani ba ne ya bar ƙofarsa a buɗe, aka shigo musu ta gidansa. Da na karanta wannan, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da yake cikin Bukhari ne ya faɗo mini, wanda aka buga misali da mutanen da suka hau jirgin ruwa, na ƙasa suka ce bari su huda rabonsu su ɗebi ruwa don kada su dami na sama. Ba su yi nufin sharri ba. Rabonsu ne kuma suke son hudawa. Amma jirgin ɗaya ne.

Ƙarshen kamfanin: ya amince ya biya diyyar dala miliyan 30 a 2024, hukumar kare bayanai ta Ingila ta ci shi tarar fam miliyan 2.31 a 2025, kuma a watan Maris na 2025 ɗin ya shigar da takardar karyewa a kotu. Nan wata sabuwar tambaya ta taso: jinin mutum kusan miliyan 15 da yake ajiye a wurinsu, wa zai saye shi tare da kamfanin? Har babban lauyan jihar Kalifoniya sai da ya fito yana tunatar da mutane cewa suna da haƙƙin su sa a goge bayanansu. Kalmar sirri in an sace ka sauya wata. Jinin da ka gada daga iyayenka fa, da me za ka sauya shi?

Na san wani zai ce, Malam, mu ina ruwanmu da tofa yawu a kwalba? To akwai ruwanmu. 'Ya'yanmu da suke karatu da aiki a waje sun fara yi, kuma mutum biyu sun taɓa tambayata hukuncinsa a nan shafin. Wanda ya aika yawunsa ba nasa kaɗai ya aika ba. Rabin abin da yake ciki na mahaifinsa ne, rabi na mahaifiyarsa, kuma yana tarayya da 'yan'uwansa da 'ya'yan da bai haifa ba tukuna. Wa ya nemi izininsu?

Sannan shari'a tana da tata hanyar tabbatar da nasaba, kuma ginshiƙinta shimfiɗar aure ce. Ku tuna shari'ar Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a a kan wani yaro. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga kamannin yaron a fili sun karkata wani wajen, duk da haka ya hukunta shi ga gidan da aka haife shi a kan shimfiɗarsu. Ku tuna mutumin da ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fata, aka tambaye shi launin raƙumansa, aka nuna masa cewa gado yakan tsallako daga nesa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 16 a Makka cikin watan Janairun 2002, ta zauna a kan wannan gwajin. Ta halatta shi a binciken laifuka, da inda jarirai suka cakuɗe a asibiti, da yaran da suka ɓata a yaƙi ko wani bala'i, da inda ake jayayya a kan wanda ba a san nasabarsa ba. Amma ta hana a yi amfani da shi don kore nasabar da ta tabbata, ko a gabatar da shi a kan li'ani, ko a je ana gwada nasabar da shari'a ta riga ta tabbatar wai don a ƙara samun yaƙini. Ra'ayina a kan gwajin nishaɗi, na “bari in ga ko ni Balarabe ne”, shi ne a bar shi. Amfaninsa kaɗan ne, ƙofar da yake buɗewa kuma babba ce.

Ku yi tunanin irin wannan bayani ya fita a ƙasarmu, inda har gobe ake binciken asali kafin a ba da aure, inda ake raɗa cewa gidan wane bayi ne, gidan wane wanzamai ne, gidan wane mahauta. Aure nawa zai mutu? Sukar nasaba tana cikin ɗabi'un jahiliyya da hadisin Muslim ya ce za su ci gaba da zama a cikin al'umma, kuma mun gani da idonmu. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta faɗi dalilin da ya sa aka yi mu ƙabila-ƙabila, sanin juna ne, kuma ta ajiye ma'aunin ɗaukaka a kan taƙawa. Mai raina maƙeri kuma ya tuna sunan wa jihar nan take amsawa.

Mu dawo gida. A 2024 'yan jarida da wata ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet mai suna Paradigm Initiative sun nuna cewa akwai shafukan da suke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da na lambar NIN, a kan kuɗin da bai wuce naira 100 ba. Hukumar NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba, kuma waɗannan shafuka ba su da izininta. Ko ma ta ina aka samu, abin da ya shafe ni da kai shi ne: kada ka ƙara ɗaukar sanin sunanka da ranar haihuwarka a matsayin shaidar cewa mai kiranka daga banki yake. Akwai dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, akwai hukumar NDPC da take kula da ita, Allah ya taimake su. Amma doka ba za ta zo Toranke ko Kademi ta riƙe maka hannu lokacin da kake karanto wa baƙo lamba shida ba.

Ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba. In ka je buɗe asusu a banki, cikin abin da ake rubutawa akwai ranar haihuwa da sunan mahaifiya, kuma da irinsu ake tantance ka in ka kira ka ce ka manta wani abu. Wato abin da yaron nan ya jera a littafin salsala, layi-layi, na mutum ɗaruruwa, shi ne ainihin abin da ɗan damfara yake biyan kuɗi ya samu. Mu da muke jin nauyin faɗin sunan mahaifiya a bainar jama'a, mu da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari saboda kunya, mu ne muka rubuta su duka muka tura wa mutum 200.

To yanzu me za a yi? Zan fara da wanda abin ya riga ya same shi.

Abu na farko ba a cikin waya yake ba, a bakinka yake. Ka faɗa. A cikin sa'ar nan, ba gobe ba. Ka ari wayar maƙwabci ka kira mutum uku masu baki a dangi su yaɗa, ka sa mai kula da zaure ya cire lambarka, in ta kama a faɗa a masallaci bayan salla a faɗa. Kunyar minti biyar ta fi kukan 'yar ƙaninka. Sannan ka sani layinka yana hannunka, don haka kai ne mai ƙarfi. Ka sake shiga WhatsApp da lambarka, za a turo maka sabuwar lamba shida ta saƙon waya, kana saka ta an fitar da ɓarawon. In ya riga ya ɗaura tasa lambar sirrin, za a sa ka jira kwana bakwai kafin ka shiga, amma shi dai ya fita. Wanda ya tura kuɗi kuma ya riƙe rasit ɗin mai POS, ya garzaya banki a ranar ya kai ƙorafi, ya kai wa 'yan sanda rahoto. Ba kullum ake dawo da kuɗin ba, gaskiya, amma wanda ya kwana uku ya fi kowa nisa da su.

Wanda bai same shi ba tukuna, ya ɗaure raƙuminsa, kamar yadda aka umarci mutumin da ya tambaya ko ya sake ta ya yi tawakkali. A WhatsApp akwai makulli na biyu. Ka shiga “Settings”, sai “Account”, sai “Two-step verification”, ka zaɓi lamba shida taka ta kanka wadda ba a turo wa kowa ita. Da dattijon nan yana da ita, ko ya karanto waccan lambar ɓarawo zai tsaya a ƙofa ta biyu. Facebook yana da irinsa, Gmail yana da irinsa. Kuma ka fara da imel, domin shi ne uwar makullai: wanda ya riƙe imel ɗinka zai iya cewa ya manta kalmar sirrin sauran, a turo masa sabuwa. Da yawanmu a shagon kwamfuta aka buɗe mana imel lokacin rajistar jarrabawa ko neman aiki, mai shagon ya sa lambar wayarmu a matsayin kalmar sirri, kuma yau shekara biyar ba mu taɓa ta ba. Ɗan'uwa, lambar wayarka ba sirri ba ce, tana rubuce a jikin shagonka.

Kada kuma kalma ɗaya ta buɗe maka komai. Wannan shi ne ainihin ramin da mutum 14,000 ɗin can suka faɗa. Ina yawan tuna wasiyyar Annabi Yaƙubu ga 'ya'yansa a Suratu Yusuf, aya ta 67, lokacin da ya hana su shiga gari ta ƙofa ɗaya, ya ce su rarrabu, sannan a take ya bayyana cewa wannan dabara ba za ta tunkuɗe abin da Allah ya hukunta ba, kuma gare Shi ya dogara. Ban ce ayar a kan kalmar sirri ta sauka ba, kada wani ya je ya ce Malam ya yi sabon tafsiri. Tarbiyyar nake nuna muku: annabi ne ɗan annabi, ya fi mu tawakkali nesa ba kusa ba, amma bai tara ƙwansa duka a ƙofa guda ba. In ka ce ba za ka iya haddace kalma biyar ba, rubuta su a ɗan littafi ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. Ɓarawon intanet ba ya iya buɗe akwatin ɗakinka. Kalmar kuma ta yi tsawo, kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna, ba sunan ɗanka ba, ba shekarar haihuwarka ba, ba sunan garinku ba.

Wani ɗalibi ya tambaye ni: in shafi ya ce in zaɓi tambayar tsaro, misali sunan mahaifiya, na rubuta wani abu daban, na yi ƙarya? A'a. Wannan gurbin ba shaida ake nema a cikinsa ba, makulli ne, kai da na'ura kuka san shi, kuma ba a yaudari kowa ba. Amma takardar banki ko ta hukuma da ake neman ainihin bayaninka, nan gaskiya za ka rubuta.

Layin waya shi ma a sa masa lambar sirri, don wanda ya tsinci wayarka ko ya zare layin a wurin caji kada ya saka shi a wata wayar ya shiga asusunka. In waya ta ɓata, banki ake fara kira a rufe asusu, kafin a tafi neman sabon layi. Iyayenmu mata da suke miƙa wa yaro kati da lambar sirri a rubuce a takarda ya je wurin mai POS, ku 'ya'yansu ku nema musu wata hanya. Wannan yana cikin biyayya.

Dangi kuma su yi doka guda, kowa ya sani: ba a tura kuɗi saboda saƙon rubutu, ko daga wa ya fito. Ka kira mutumin ta layin waya na yau da kullum, ba ta WhatsApp ba, ka ji muryarsa. In an ce maka “ba zan iya ɗauka ba, muna gaban likita”, ka kira wani na kusa da shi. Gaggawa ita ce jarin ɗan damfara. Aya ta 6 a Hujurat ta koya mana bin diddigin labari kafin a aikata abin da za a yi nadama, kuma minti biyu na kira ba su taɓa kashe marar lafiya ba.

Littafin salsala kuwa a ci gaba da yi, amma a raba shi biyu. Wanda za a yaɗa ya tsaya a kan sunaye da dangantaka, musamman na magabata. Ranar haihuwa, lambar waya, wurin aiki da hotunan mata da yara su zauna a takarda a hannun mutum biyu ko uku amintattu. Kuma a tambayi mai rai kafin a rubuta shi. Anas ɗan Malik yana yaro aka aike shi wata buƙata, mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambaye shi mece ce, ya ce sirrin Manzon Allah ne, ita kuma ta ƙarfafa shi a kan kada ya gaya wa kowa. Uwa kenan da ɗanta. Mai kula da zauren dangi ya san cewa amana ce a hannunsa, ba sarauta ba. Wanda kuma ya riga ya yi gwajin yawu a waje, ya shiga asusunsa ya sauya kalmar sirri, ya kashe sashen da yake haɗa shi da dangi, in ba ya buƙatar asusun ya nemi a goge shi a kuma lalata samfurin da ya aika.

Ban manta da kai ba, wanda kake wannan sana'a. Na san kana karanta irin wannan shafi, don Hausar da aka yi wa dattijon nan ba ta baƙo ba ce, kuma mu daina ɗora wa wasu ƙabilu abin da 'ya'yanmu suka koya. Ka haɗa sata da ƙarya da leƙen asiri, ka tsorata musulma da mutuwar kakarta, sannan ka sa dangi suna zargin juna. Wanda ya ba ka aron asusunsa aka zuba kuɗin, da wanda ya sayar maka da bayanan, abokan tarayyarka ne. Ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da istigfari kawai. Lambar asusun da kuɗin suka fito tana wurinka. Mayar musu, ko ba ka bayyana kanka ba.

Amsar da na ba dattijo ita ce wannan. A ƙa'idar malamai, in aka samu wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi kawai, lamuni yana kan mai aikatawa. Shi yaudararsa aka yi, bai ci ko kwabo ba, don haka kuɗin bashi ne a wuyan ɓarawo, ba a wuyansa ba. Amma na gaya masa gaskiya cewa shirun da ya yi bayan ya fara zargi kuskure ne, domin biyu daga cikin mutum huɗun a wannan tsakanin suka tura. Na ce ya nemi yafiyarsu, in kuma yana da hali ya rage wa yarinyar nan ta Ajingi asara, wannan kyautatawa ce ba tilas ba. Ya yi shiru, sannan ya ce zai sayar da buhun gero biyu. Na kuma roƙe shi ya kira yaron da ya haɗa littafin ya kwantar masa da hankali, don an ce mini tun ranar bai ƙara cewa uffan a zauren ba.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, in Allah ya kai mu, matasa huɗu za su zauna a harabar masallaci su taimaka wa duk mai son a saka masa makulli na biyu a wayarsa, kuma mun nemi malamai mata biyu su yi wa mata a islamiyya. Kyauta ne. Ku zo da wayar da cajinta. Za su nuna muku inda za ku danna, amma in an zo saka lambar za su juya baya, kai za ka saka da hannunka. Wanda ya ce ka faɗa masa lambar, ko a cikinsu ne, ka zo ka gaya mini.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum warahmatullah.